Ranar da Surukina Ya Gan Ni da Dankali a Baki

Ko da zan manta da duk abin da ya same ni a zaman da na yi a Guangzhou, akwai wata Lahadi da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da surukina ya ci karo da ni a kan dutse, ina haki, bakina cike da dankali. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji ƙanshin dafaffen dankali sai kunya ta kama ni, daga baya kuma in yi ta dariya ni kaɗai.

A lokacin ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, ina sayen wandunan jins a Xintang ina turawa Kano. Shekarata arba'in da huɗu, ga tumbi na ajiye, kuma tafiya mafi tsawo da nake yi a rana ita ce daga bakin lif zuwa inda tasi ke tsayawa. Maƙwabcina a ofis wani mutumin Maraɗi ne, dogo, mai yawan tsokana. Hawan jini ne ya yi ajalin yayansa, shi ma da ya je asibiti aka ce masa hanyar da ya kama ke nan. Tun daga ranar ya fara hawa dutsen Baiyun kowace safiya, kuma bai bar ni na huta ba.

"Alhaji, tashi mu tahi," in ji shi. "Wanga ciki naka ba arziki ba ne, kaya ne da ba su da mai karɓa."

Wadda ta mayar da wasan ya zama aiki ita ce matar da muke sayen jins a wurinta. Lauban muke ce mata, wato shugaba, kamar yadda ake kiran duk mai shago a can. Ta kusa shekara sittin, gajeriya ce siririya, amma in ta kama hawa sai dai ka hango bayanta. Ranar farko da na bi su, wandon jins na saka, sabo fil daga cikin samfurin da ta ba ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ta ɗinka shi, don haka ta san ba inda zai kai ni. Gaskiyarta. Kafin mu sauko cinyoyina sun saluɓe, na yi kwana uku ina tafiya kamar ɗan kaciya.

Ita ce ta kawo maganar wata gasar gudu ta kilomita hamsin da ake yi a duwatsun arewacin birnin. Mutum uku-uku ake shiga, tare za ku tashi, tare za ku iso, in ɗaya ya gaza duka kun gaza. Ta ce mu biyu mu haɗu da ita mu cika uku. Mutumin Maraɗi ya amsa nan take. Ni kuwa na amsa ne don kada a ce Bakano ya ji tsoro.

Wata takwas muka yi muna atisaye. Wanda bai hau Baiyun ta bayan gida ba bai san shi ba. Akwai matakala da ba ta ƙarewa, akwai 'yan hanyoyi cikin kurmi da saiwoyi ke jiran ƙafarka, ga zafi mai danshi da ke sa riga ta manne a jiki tun kafin rana ta fito sosai. Hawa yana cin numfashi, amma saukowa ita ce mugu, don gwiwa take ci. Farcen ƙafata biyu suka yi baƙi suka fita. Akwai makon da in na yi sujada sai na yi shawara da ƙafafuna kafin in miƙe. Duk da haka na fara jin daɗin abin, tumbin ya ja da baya, barci ya dawo mini kamar na yaro.

Matsalata guda ɗaya ce, ba na cin abinci a tafe. A hannun kakata na tashi, ita kuwa in ta gan ka kana tauna abu a hanya, ranar sai ka gwammace ba a haife ka ba. A wurinta mutumin kirki zama yake yi, ya yi bismillah, ya yi wa na kusa da shi tayi, sannan ya ci. Na girma da wannan har ya zame mini jiki. Su Lauban suna gudu suna cusa ayaba a baki, ni kuwa sai in ce na ƙoshi. A gajeren zango ina tsira da hakan. Lauban ta lura, ta sha gaya mini cewa mota ba ta tafiya ba mai, ni kuma in yi murmushi in ce mata motar Kano daban ce.

Saura wata guda gasa ta sa mana gwaji. Kilomita talatin a kan Baiyun, hawa da sauka, mu tashi ƙarfe shida na safe, mu same ta a filin saman dutsen, kusa da inda keken igiya, mai hawa dutsen a rataye jikin waya, ke sauke 'yan yawon buɗe ido, kafin ƙarfe ɗaya.

"In kun wuce ƙarfe ɗaya, meyo," ta ce, wato babu. Tana da wasu mutum biyu a ƙungiyarsu ta masu gudu da ke jiran gurbinmu, kuma mun san ba ta magana biyu.

A wannan makon ne surukina ya sauka daga Kano, ya zo sayen kaya a kasuwar Shisanhang. Dattijo ne mai kwarjini, wanda ko dariya sai ya auna yake yi. Shekara goma sha biyar ina auren 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In aka kawo abinci ina wurin, sai in ƙirƙiro uzuri in fita. Maganar gudu kuwa ban ko gaya masa ba, don me zan ce, magidanci mai 'ya'ya huɗu yana tsere a daji? Da na je gaishe shi a masauki ya ba ni tsarabar dabino da ƙuli-ƙuli. Hira ta ƙare mana, sai na ce masa in ya samu sarari ranar hutu ya hau keken igiya ya ga gari daga sama. Na faɗa ne kawai don kada shiru ya yi yawa. Ban ɗauka zai je ba, ban kuma tuna cewa Lahadin gwajinmu ce ba.

Ranar muka tashi lafiya. Na zuba tsarabar surukina a leda na sa a jaka, ita ce guzurina. Mutumin Maraɗi yana tafe yana cin nasa kaɗan-kaɗan, ni kuwa ina jiran wurin zama. Sai da muka ci rabin hanya muka iso wata rumfa, na ce masa ya je ya cika mana gorunan ruwa, ni zan ɗan zauna. Rumfar cike take da tsofaffi, wasu na motsa jiki a hankali, wasu na sauraron rediyo. Na zauna, na buɗe leda, kafin in yi tunani hannuna ya miƙa kansa.

"Bismillah," na ce wa tsohon da ke kusa da ni.

A gida kowa ya san amsar. Mutum zai ce alhamdulillahi, kai kuma ka ci abinka. Wannan tsohon sai fuskarsa ta washe, ya ce "sheshe," wato na gode, ya karɓi ledar gaba ɗaya. Ya ɗiba, ya miƙa wa matarsa, ita ma ta miƙa gaba. Ina zaune ina kallon guzurina yana zagaya rumfa, kowa na ɗaga mini babban yatsa. Wata tsohuwa ta gwada ƙuli-ƙuli, haƙori ya gaza, sai ta kwashe ta zuba a aljihu. Da ledar ta dawo hannuna, dabino biyu ne a ciki.

Mutumin Maraɗi ya dawo ya leƙa ledar. "Ina abincin?"

"Tayi na yi."

"Tayi? Ga Sinawa? Alhaji, waɗanga in anka ce su ci, da gaske suka ɗauka. Shekara nawa ka yi garin ga?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya shi, don a lokacin abin dariya ne. Nasa guzurin ya riga ya cinye, saura rabin ayaba, ya ba ni na haɗa da dabinon. Muka kama hanya.

Saura kilomita huɗu abin ya same ni. Ba ciwo ba ne, ƙarfi ne kawai ya tsiyaye kamar an buɗe famfo. Gumi mai sanyi ya rufe ni, ƙafafuna suka ƙi jin magana. Na zube a kan matakala. Mutumin Maraɗi ya duba agogo, saura minti hamsin, ga hawa a gabanmu. Na jira ya yi mini faɗa ko tsokana, bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Ba komi, Alhaji. In da rai, wata shekara." Sai ya kau da kai. Na san ya yi wa 'ya'yan marigayi yayansa alkawarin zai kai musu lambar gasar su gani. Wata takwas bai fasa atisaye ko sau ɗaya ba, ga shi zan zubar masa da komai saboda tayi. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan lokacin ba.

Muna nan zaune sai ga tsohon nan na rumfa da matarsa, sun biyo gajeriyar hanya. Ya gane ni, ya dubi fuskata, ya yi wa matar magana. Ta buɗe jaka ta fito da dankali guda biyu manya, dafaffu, nannaɗe a tawul, har lokacin da ɗuminsu. Irin wanda muke kira dankalin Hausa ne, ko da yake wannan bai taɓa jin labarin ƙasar Hausa ba. Ta miƙo mini. Ku yarda da ni, bakina har ya fara haɗa "na ƙoshi."

"Wallahi in ka ce ka ƙoshi, nan zan bar ka," in ji mutumin Maraɗi.

Na karɓa na ce sheshe. Na gyara zama zan fara ci, ya kama hannuna ya miƙar da ni. "Babu zama. Ci kana tahiya."

Haka na yi, karo na farko tun ina yaro. Ina taka matakala ina gatsa, ina neman gafarar kakata a zuci. Bayan kamar kwata na awa sai na ji idona ya washe, ƙafafun suka dawo nawa. Muka fara sauri, har da ɗan gudu inda hanya ta miƙe.

Matakala ta ƙarshe ita ce mafi tsayi. Saura minti bakwai, na kama dankali na biyu da hannu biyu, kumatuna a cike, wandona duk laka. Na ɗaga kai don in ga saura nawa, sai idona ya sauka a kan farar babbar riga. Surukina ne tsaye a wani ɗan faɗi na matakalar, ya sauko kaɗan daga filin yana kallon gari. Muka haɗa ido.

Gwiwoyina suka fara lanƙwashewa da kansu. Gaisuwar suruki ba abin minti ɗaya ba ce, sai an tambayi kwana, da gajiya, da baƙunta, da kasuwa, da mutanen gida. Ga abin da ke bakina ya ƙi haɗiyuwa, ga hannuna ba inda zan ɓoye shi. Na tsaya rabi a tsugune ina fitar da wani sauti da ba gaisuwa ba. Ya dube ni, ya dubi dankalin, ya dubi abokina da ke ta kallon agogo.

"Wani abu ne ya biyo ku?" ya tambaya.

"A'a Baba, lokaci ne," in ji mutumin Maraɗi. "Minti biyar sunka rage muna, in ba mu kai sama ba an hid da mu."

"To me ka tsaya yi?" surukina ya ce mini. "Wuce mana. Gaisuwar tana nan, ba inda za ta."

Ban san da wane ƙarfi na haye sauran matakalar ba. Mun iso gaban Lauban saura ƙasa da minti biyu. Ta dubi agogo, ta dubi ɓawon dankalin da ke hannuna, ta ce yau dai motar Kano ta sha mai. Mutumin Maraɗi ya kwanta a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gefen idonsa.

Da surukina ya hauro, na wanke baki na je na tsuguna na gaishe shi tun daga farko, ban tsallake komai ba. Ya amsa duka da fuskarsa ta kullum. Sai da na gama ya ce, "Shekara goma sha biyar kana auren 'yata, ni da mahaifiyarta muna ta tunanin ko iska kake sha. Ashe kana ci, har da hannu biyu." Sannan ya yi wata dariya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Kafin in sauko daga dutsen labari ya riga ya isa Kano, matata ta kira ni ta kasa magana don dariya.

Gasar mun yi ta, mun kuma gama tare mu uku, ina tafe ina cin duk abin da aka miƙo mini. Lambar tana Maraɗi yanzu, a rataye a ɗakin 'ya'yan marigayin. Surukina kuwa tun daga ranar in na je gidansa da kansa yake tura mini kwano, kuma ina ci.

Har gobe ina yin tayi, ban kuma daina ganin kyawun tarbiyyar kakata ba, don tayin nan ne ya dawo mini da dankali a lokacin da na fi bukata. Amma na gane cewa na yi shekaru ina tsaron yadda mutane za su gan ni, har na kusa kunyata mutumin da ya dogara da ni. Wannan ita ce kunyar da ta kamata in ji tsoro. In wani ya rataya burinsa a wuyanka, ka ci abin da zai kai ku, ko a tafe ne, ko a gaban wa ne.