Zoben da Bai Haɗu Ba a Kan Yaya Haruna

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Haruna, manomin gyaɗa a Ruwan Bago, amma har yau in na ga wanzami da zabirarsa sai ya faɗo mini a rai.

Yaya mutum ne mai son ƙaho. In kansa ya ɗan sara, sai ya hau keke ya nufi Karaye wurin amininsa Ɗanjuma wanzami, a kafa masa a ƙeya. Wata ranar kasuwa aka yi masa, washegari ɓarin jikinsa ya shanye. Nan da nan dangi suka yanke hukunci, wai Ɗanjuma ya tsaga jijiya. Mutane suka daina kai masa ko askin jariri. Bawan Allah ya zo dubiya, baffanmu ya tsayar da shi a zaure.

Da ƙyar muka kai Yaya babban asibiti, aka zuba masa wani ruwa a jijiya aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ɗaga hoton a haske ya nuna mana. Ya ce jijiyoyin jini suna haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa kamar zobe, in ɗaya ta toshe sai jini ya zagaya ta wata. Zoben Yaya bai haɗu ba, haka aka haife shi, kuma mutane da yawa haka suke ba su sani ba. Askar wanzami ba ta isa wurin.

Yaya ya ja hannuna, bakinsa a karkace, ya ce, "Ƙanena, kafin gida, Karaye."

A bakin kasuwa ya sa aka sauke shi, ya miƙa wa Ɗanjuma kansa a gaban kowa. Ɗanjuma yana aski yana share hawaye da hannun riga, Yaya kuwa yana tsokanarsa: "Yi a hankali, Sarkin Aska, kada yanzu ka ƙaryata likita."

Yau hoton kai ya zama ruwan dare a Kano. Da Yaya yana nan, na san cewa zai yi a ɗauki na baffanmu a ga me ke ciki. Bara jiri ya dame ni aka ɗauki nawa, sai ga giɓin zoben nan a daidai wurin na Yaya. Likita ta zaci tsoro ne ya sa ni hawaye. Kewa ce. Ban taɓa yin kama da Yaya a fuska ba, ashe a ciki ya bar mini kamannin.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ɗan Ɗanjuma ne ke mini aski har yanzu.