Tambaya Ɗaya Tak, Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Malumfashi, ni da Alhaji Sale, a tsohuwar a-kori-kurar kamfaninmu mai sayen masara da waken suya. Kaka ta ƙarato, an tura mu neman direbobin tarakta da makaniken injin casa. Kafin mu tashi Hajiya Binta, mai kula da ma'aikata, ta ja mana kunne: tambaya ɗaya aka yarda mu yi kan asalin mutum, wato ko yana da izinin aiki a ƙasar nan, kuma kowa za a yi wa ita, baƙo da ɗan gari. Ba "daga ina", ba "ɗan gidan wa", ba zancen yare ko addini. Na dubi Alhaji, tausayinsa ya kama ni. Mutum ne da ko lemo zai saya sai ya ji sunan kakan mai lemon.

Ƙanƙara

A shingen shiga gari soja ya leƙo ya ce, "Daga ina? Ina za ku?" Muna wucewa Alhaji ya ja tsaki ya ce, "Ka gani ko, Nura? Shi an bar shi ya tambaya."

Muka karya da waina a bakin tasha, sannan muka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Na farkon zuwa wani direba ne daga Mabai. Alhaji ya ƙura masa ido ya ce, "Wanga hancin na san shi. Kai ba ɗan gidan..." Na yi tari. Ya harare ni, ya cusa goro a baki, ya karanto tambayar Hajiya kamar mai shan maɗaci. Kafin azahar mun ɗauki mutum biyu, ni kuma maƙogwarona ya fara zafi.

Faskari

Da rana tsaka muka kama hanya, don a yankin nan ba mai son la'asar ta riske shi a daji. Muka tsaya Daudawa wajen Malam Ɗanjuma, dattijon da ya tsufa a kan tarakta. Bayan gaisuwa Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kana da izinin aiki a Najeriya?"

Dattijo ya cire hula ya mayar. "A ina? Alhaji, cibiyata na binne bayan masallacin can. Ko ƙasar an saida ta ne ba a gaya mani ba?"

Sai da na yi masa bayani cewa kowa ake yi wa, don kada a ware baƙo saboda harshensa ko kamanninsa. Ya ce to, a rubuta yana da izini tun daga ranar suna. A Faskari muka kwana gidan wani abokin Alhaji, aka yi mana tuwon dawa miyar kuka. Can Alhaji ya rama azuminsa: har surukan maƙwabta sai da ya bi salsalarsu.

Sabuwa

Washegari muka zaga ta Funtuwa da Dandume, shinge bayan shinge, muka isa da hantsi. Gurbin makanike ɗaya ya rage. Wakilinmu, Malam Ado, ya nuna mana wani dogon mutum da ke raɓe a ƙarshen layi, ya rage murya ya ce, "Isuhu ke nan. Da damina ya ƙetaro iyaka da matarsa da yara, a zauren wani suke kwana. Hannunsa na da kyau, amma duk inda ya buɗe baki aka ji harshensa sai a ce an cika. In kakar nan ta wuce shi, komawa zai yi, kuma can ba abin da ya bari."

Aka gwada masu neman gurbin a kan wani injin da ya ƙi tashi. Aikin Isuhu ya fi tsabta, kowa ya gani. Ya zo ya durƙusa, yana amsa gaisuwa da kai kawai, kamar mai tsoron muryarsa ta fito. Na ga leɓen Alhaji na motsi, na shirya tari.

"Malam Isuhu, kana da izinin aiki a ƙasar nan?"

Isuhu ya ɗago. "Ina da shi, Alhaji." Ya zaro katin zamansa daga leda, ya tsaya yana jiran sauran tambayoyin. Alhaji ya duba, ya miƙa masa, ya ce ya zo Malumfashi ranar Litinin, aiki nasa ne.

Sai Alhaji ya juyo gare ni. "Nura, an ɗauke shi ko? An gama?" Na ce an gama. Ya gyara zama, ya tofar da goro, ya dubi Isuhu. "Madalla! Kai, zo nan kusa. Daga ina? Ɗan gidan wa? Tsohonka na da rai? Mi kuka shuka bana?"

Isuhu ya ambaci wani ƙauye a bayan Maraɗi, ya soma lissafo danginsa. Ya share ido da bakin riga ya ce, "Alhaji, tun da na zaka ƙasar ga, duk wanda yat tambaye ni garinmu, don shi kore ni ne. Kai kaɗai ka tambaya don ka gaida mutanen gida."

Ban san sanda nawa idon ya kawo ruwa ba.

Mun iso Malumfashi lafiya gab da magariba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da duk waɗanda suka ba mu tabarma da tuwo a hanya.