Kwalaben Malam Aƙilu

Shekara talatin da huɗu Malam Aƙilu ya yi yana jan babbar mota. Daga Funtua yake lodin masara ko auduga, yau Legas, gobe Anaca, jibi Maiduguri. Da ido ya soma ba shi wahala sai ya miƙa makulli ya dawo Maska, gidan da ke jikin katangarmu. Abokan aikinsa da shanu da filaye suka dawo. Shi kuwa kwalabe ya sauke, sun fi talatin, kowace cike da ƙasa.

Tun ranar na sa masa ido. Dattijo da furfurarsa, me zai yi da ƙasa a kwalba? Kowa ya san mai ɗibar ƙasar da mutane suka taka ba alheri yake nufi ba.

Sai kuma ya shiga tara yara bayan la'asar. Na leƙa ta katanga, na ga ya share tsakar gida ya ja wani zane da sanda, ya tona 'yan hanyoyin ruwa biyu da suka haɗu a tsakiya, ya tsiyaya musu ruwan buta. Wai kogin Kwara da na Binuwai ke nan. Ya barbaɗa jar ƙasa nan, fara can, ya sa yara su tsaya a kai ba takalmi.

"Abdulrahman, kana ina?"

"Ina Jos, Baba!"

"To ina rigar sanyinka?"

Su kwashe da dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba. Mu da muka yi firamare, a allo aka zana mana Najeriya, ba wanda ya ce mu cire takalmi.

'Yata Fiddausi, mai shekara shida, na hana ta zuwa ya fi sau goma. Ubanta ya tafi Fatakwal neman aiki, shekara biyu ke nan wayarsa ba ta shiga. Ita kaɗai gare ni, kuma tsoro nake ji.

Ran wata Laraba ina wanki na ji ƙulli a bakin zanenta. Na kwance, sai ga baƙar ƙasa. Na watsar da ita a kwata, na ja mayafi sai gidan mai unguwa.

Da aka kira Malam Aƙilu, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, duk garin da na sauke kaya sai in ɗibi kaɗan. So nake yaran nan su san ƙasarsu ba a Funtua ta ƙare ba." Wasu suka gyaɗa kai, amma dattawa suka ce tunda zance ya taso, gara a zubar a huta. Shi da kansa ya kai kwalaben rafi, ya juye su ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Ko harara bai yi mini ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na dawo gida na tarar da Fiddausi tana lalubar zanen a kan igiya.

"Inna, ina ƙasata?"

"Na zubar. Wa ya ce ki karɓa?"

"Ni na roƙa. Ta Fatakwal ce, inda Babanmu yake. Sai da na iya nuna wurin sau uku ya ba ni."

Na zauna a bakin turmi, kunya ta rufe ni.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba komai Inna, gobe sai ya ƙara mini. Kwalbar a cike take."