Orest, Baƙon Majalisa

Maƙwabcina Orest Hrynko manomin alkama ne, kuma kwat ɗaya gare shi, ruwan toka, wadda ya saya don zuwa jana'iza. Zaman majalisar lardinmu ne ya koɗar da ita.

Abin ya faro ne ranar da gwamnati ta kwashe injin wankin ƙoda daga asibitin garinmu, Dubrova. Matarsa Verna kuwa da injin nan take rayuwa. Dole ya riƙa kai ta birni a akori-kurarsa, tafiyar rabin yini, ko ƙanƙara ta rufe hanya. Burinsa ɗaya: injin ya dawo, Verna ta ci gaba da zama a gidanta, kusa da lambun kabejinta.

'Yar majalisarmu Lorna Friesen, ta ɓangaren adawa, ta zo har kicin ɗinsu, ta sha kofi, ta ce, "Orest, zo ka zauna a benen baƙi. A gabanka zan tsare minista da tambaya."

A benen baƙi ba a magana, ba a tafi. Aikin Orest shi ne ya miƙe idan an ambaci sunansa. Lorna ta nuna shi ta ce, "Mai girma Kakaki, yaushe injin zai koma Dubrova?" Ministan lafiya ya tashi ya yaba wa manoma, ya gode wa Orest da zuwa, ya ce gwamnatin baya ce ta ɓata komai. 'Yan jam'iyyarsa suka bubbuga tebura.

Da ya dawo na ce, "Me suka ce?"

"Tafi suka yi mini, har da na gwamnati."

"Injin fa?"

"Shi ba su tafa masa ba."

Haka ya yi ta zuwa har ya gwanance da miƙewa: hula a ƙirji, fuska kalar tausayi. Verna ta ce masa, "Tsoho, ka zama kayan majalisa, kamar sandar nan da suke shigowa da ita."

Aka yi zaɓe, Lorna ta zama ministar lafiya. Tsohon ministan, da ya koma adawa, ya bugo wa Orest waya, ya zaunar da shi a kujerarsa ta da a benen baƙi. Tsohon ministan ya maimaita tambayar da Lorna ta yi masa a da, ita kuma ta ba shi amsar da ya ba ta, ba ragi ba ƙari.

Ana cikin haka hanya ta gajiyar da Verna. Ta tattara ta koma wurin 'yarsu a birni, ta bar Orest da gona da kabeji.

A zamansa na ƙarshe Lorna ta miƙe da murmushi. "Mai girma Kakaki, yau babu mutum ɗaya a Dubrova da ke buƙatar wankin ƙoda. Ga Orest nan shaida."

Tebura suka ɗauki bugu. Orest kuwa da ya ji sunansa sai ya miƙe, hula a ƙirji.