Chindo Ya Je Ganin Baraji

A duk faɗin ƙasar Konni, daga Bazaga har Tajaye, ba a taɓa yin mutumin da ya ga duniya kamar Chindo ɗan Mato na Tsarnawa ba. Ya yi karatu a ƙasar waje. Ƙasar wajen Sakkwato ce, tafiyar awa biyu in taya ba ta fashe ba. Duk da haka ranar da zai tafi, a 1982, an yanka rago, mahaifiyarsa Kyauta ta yi kuka kamar Makka za shi da ƙafa.

Karatun aikin gona ya je yi, na shekara uku. Abu ɗaya ake jira a gida, diplom, takardar da za ta zaunar da shi a buro, wato ofis, ƙarƙashin fanka, ta raba shi da duƙawa a gonar gero.

Chindo yana da aƙida: ɗalibin da ya je ƙasar waje ya dawo bai ga komai ba sai allon aji, asara ya yi. Saboda haka kowace Asabar yakan ja abokin ɗakinsa Mumuni, Basakkwace, su tafi buɗe ido. Sun je Argungu kallon bikin kamun kifi, inda Chindo ya ga ƙeyar mutane da yawa da kuma bulalar wani mai tsare taro, wadda ta tsaga masa kunne. Bayan soja sun karɓi mulki sun nufi Wurno. A tasha ya shiga mota ta taga, yadda ya saba a tashar Konni, alhali an kafa dokar bin layi. Aka jawo shi ta ƙafa, aka sa shi tsallen kwaɗo a rana, da ya gaji aka taimaka masa da gindin bindiga a gadon baya. Da suka dawo ya ce Wurno gari ne mai kyau.

A 1985 iyaka tana rufe, ana kuma tattara baƙi ana mai da su ƙasashensu. Takardar zaman Chindo ta ƙare, inda ake sabuntawa kullum gobe ake ce masa. Sai dai raba mutumin Konni da na Sakkwato aiki ne. Hausarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, wasu ma kakansu ɗaya. Abin da ya rage shi ne lamba, tabon allurar rigakafin da ake yi wa jariri. A Najeriya a kafaɗa ake yin ta, a Nijar a hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Chindo ya ɗinka riguna biyu masu dogon hannu da maɓalli, ya riƙa sa su a tsakiyar bazara. Ƙuraje suka feso masa, bai damu ba.

Saura mako bakwai jarrabawar ƙarshe ya ji labarin sabuwar madatsar ruwa ta Goronyo, wadda shi yake kira baraji. An ce mutum ba ya hango ƙarshen ruwan. Mumuni ya roƙe shi ya zauna ɗaki har a gama jarrabawa, ruwa ba inda za shi.

"In na koma gida aka ce mini yaya barajin Goronyo, in ce mi? In ce ina ɗaki?"

"Ka ce kana da diplom, ɗan Faranshi," in ji Mumuni. Ya bi shi duk da haka.

Kafin Goronyo akwai shingen soja. Aka sauke kowa. Da aka zo kan Chindo ya faɗi unguwar su Mumuni, ya faɗi sunan mai unguwa da na limamin, bai yi gargada ba. Sojan ya ce ya wuce. Direba ne takardunsa ba su cika ba, aka yi ta ja har azahar ta yi. Chindo ya ari buta, ya tsuguna gindin wata itaciyar bedi, ya kwance maɓallai, ya naɗe hannun riga har gwiwa kamar yadda aka koya masa tun yana shekara bakwai. Ya wanke kowane hannu sau uku, a natse.

Wani kofur yana tsaye a kansa yana jiran butar. Mutum ne mai ladabi, bai katse shi ba sai da ya wanke ƙafafu.

"Ka gama, malam? To miƙo hannun."

Marin farko ya kai shi ƙasa. Uku suka taru a kansa, biyu da bulala, ɗaya da takalmi, suna tambayarsa sunan mai unguwar, yana faɗa daidai, suna ƙarawa. Ya zaro katin makaranta. Kofur ya karanta shi gaba da baya, ya yaga biyu, ya ba shi ya riƙe. Sannan aka shimfiɗa hannun a kan gangar shingen aka sauke masa gindin bindiga a kan lambar, sau biyu. A na biyun fasinjoji sun ji ƙarar ƙashin. Mumuni ya matso yana cewa ɗalibi ne, aka zubar masa da haƙora biyu, aka yage rigarsa aka ga tasa lambar a kafaɗa, aka ce ya yi haƙuri ya koma mota.

Washegari aka loda Chindo a motar shanu tare da 'yan ga-ruwa da masu yankan farce, aka juye su a bakin iyaka. Ya tsallaka yana godiya ga Allah ya zo gida. Jandarma suka ga mutum ba takarda, rigarsa ɗinkin Najeriya, suka ɗauke shi ɗan fasa-ƙwaurin mai. Ya ce su duba lambarsa. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, ba a ganin komai a jiki. Suka ɗauka raini ne, suka cire bel. Sai da wani tsohon jandarma da ya san Mato ya iso aiki aka daina.

Maɗorin Tsarnawa ya ɗora hannun, ya kama a karkace. An yi jarrabawa ranar da aka sa. Da aka buɗe iyaka a shekarar da ta biyo baya Chindo ya koma makarantar, aka nuna masa inda aka soke sunansa da jan biro. Mumuni, wanda ya samu aiki, ya raka shi tasha. A layi suka tsaya.

Mato bai taɓa yi masa maganar ba har ya rasu. Hannun ba ya riƙe hauya, don haka wani ɗan'uwan Kyauta ya nema masa aikin gadi a barajin Maggiya, tafiyar hantsi ɗaya a amalanke daga gidan ubansa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a bakin ruwan. Masu gadi ba su da hutun Asabar da Lahadi.