Mayafin Kaka da jirgin Jidda

A bakin Inna na fara jin sunan Chindo, kuma ba da alheri ta ambace shi ba.

Mutumin Tajaye ne, doguwar riga ɗaya gare shi mai ruwan toka. Aikinsa tattara saƙon mutane daga Illela har Konni, ya kai Yamai a sa a jirgin sama. Shi kansa bai taɓa shiga jirgi ba. In ya ji ƙararsa sai ya ɗaga kai ya tuna wata mai aike, ya ce, "Kilishin A'i ke nan bisa gajimare."

Da Kaka ta rasu, gwaggona Ikilima tana Jidda, ba ta samu zuwa ba. Abu guda ta roƙa: mayafin uwarta, kada a wanke. Muka ba Chindo. Lokacin kowane mai aika kaya ta kansa yake yi, in an isa filin jirgi a jibge komai wuri guda. Mayafin ya kwana ƙarƙashin daddawa da bandar kifin wani. Gwaggo ta kira tana kuka: "Ya iso, amma uwata ba ta ciki."

Kallabin Kaka ɗaya ya rage mana. Chindo ya zo ya durƙusa a zaure.

"Kai da wace fuska?" in ji Inna.

"Da wagga dai, Hajiya, ba ni da wata. Ku rufe shi a kwalla, ku jira ni."

Damina ta wuce yana bin abokan sana'arsa, su Mamane na Malbaza, suna yi masa dariya wai zai kafa ƙungiyar hanci. Amma kowa cikinsu ya taɓa kai atamfar da ta iso tana warin albasa. A hankali suka yarda. Suka kama rumfa guda a Yamai, suka raba ta: mai wari gabas, mai ƙamshi yamma, tufafin mutane a tsakiya cikin akwatin ƙarfe. Abin da ya tara su ke nan.

A akwatin nan kallabin ya tafi. Gwaggo ta kira. Numfashinta kawai muke ji, tana ja a hankali.

Bara na iske Chindo ya tsufa, yana zaune gindin itacen bedi. Ɗansa Tijjani yana Aljeriya, ya daɗe bai zo ba. Ya cire hularsa ya juya ta a hannu.

"Ɗiyata, ranar da na tafi, wagga ta Tijjani ce. Kada ki bari su wanke ta."