Ratar da ke Barandar Gidan Abinci

Duk unguwar an manta cewa kafinta ne, sai dai a ce Baba Mai Rarrafe. Mutum da furfurarsa, amma idan ya gama aiki, kujera ce ko gado, sai ya zube a kan gwiwoyinsa ya bi ta ƙarƙashi yana shafawa da tafin hannu, ko akwai kan ƙusa da zai yagi yaro. A jakar kayan aikinsa kuma akwai wani dunƙulen katako da ya fere daidai girman kan ɗan shekara ɗaya. Duk ratar da dunƙulen nan ya wuce, in ji shi, yaro ma zai wuce.

Ba haka kawai ya tsinci halin ba. Yana sabon magidanci ya ƙera wa ɗansa na fari gado mai sanduna, gado na kece raini, har maƙwabta suna zuwa kallo. Wata rana da hantsi yaron ya cusa kai tsakanin sandunan ya maƙale, numfashi na neman ɗaukewa. Da zarto uban ya yanke aikin hannunsa. Yaron ya rayu, yau direba ne mai iyali, amma tun ranar uban ya zama mai masifa a kan duk abin da ya shafi yara.

To, sai ga wani gidan abinci a bakin titi ya sauya hannu. Sabon manaja, matashi mai ƙamshin turare, ya kafa allo ƙato: wurin iyali, ku zo da yaranku. A saman bene aka zuba lilo da ƙwallayen roba da bango mai zanen giwa. Aka kira Baba ya yi ƙananan tebura da kujerun yara, ya yi su sumul, ko kusurwa ɗaya bai bari da kaifi ba.

Ranar da ya kai kayan, kamar kullum, ya durƙusa ya zagaye wurin. Ma'aikata suna ta ƙunshe dariya. Ya bi ƙarfen baranda sanda bayan sanda da dunƙulensa, duk lafiya, har ya isa ƙarshe inda ƙarfen ya kamata ya haɗu da bango. Ashe mai walda daga tsakiya ya fara awo don ado ya daidaita, sai ƙarshen ya tashi da rata, aka tura tukunyar fulawar roba aka rufe. Baba ya ture tukunyar da yatsa biyu. Dunƙulen ya wuce salin alin, har da sauran wuri. Ƙasa kuwa siminti ne da motoci.

Ya kira manaja ya nuna masa. Ya ce yana da katako a shago, kafin azahar zai toshe wurin, kyauta. Manajan ya ce katako zai ɓata tsarin, ga masu ɗaukar hoto za su zo ranar buɗewa, mai walda zai dawo daga baya. Ya ƙara da cewa ai kowane yaro da iyayensa zai zo.

“Iyaye ci za su zo yi, ɗan nan,” in ji Baba. “Uwa ta sunkuya ta kai loma ɗaya, shi ke nan an gama.”

“Baba, kujeru aka ce ka yi, ka yi, mun gode.”

Kai, ran Baba ya ɓaci. Ya ce musu masu son hoto, marasa tsoron Allah, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba. Bai tsaya nan ba. Ya bi unguwa yana faɗa wa mai shago, da mai wanki, da matan da ke jiran yara a ƙofar makaranta. Wa ya saurare shi? Aka ce tsufa ne, wasu suka ce ƙila an hana shi wani aikin ne yake hushi. Wannan ta fi komai ƙona masa rai, mutumin da shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ranar Asabar aka buɗe. Autarsa ta biyo ta shago da tagwayenta, waɗanda ba su daɗe da fara tafiya ba, an caɓa musu ado. Ta ce duk sati suna kulle a ɗaki biyu, unguwar ba ta da ko filin wasa, yau dai za su sha iska a gidan abincin. Ya hana, ta ce don Allah ya daina ba su kunya a gari, kowa maganarsa yake yi. Ta saɓi ɗaya, ta ja ɗaya, ta wuce.

Ya zauna yana huci kamar tukunya a wuta. Bai kai minti goma ba ya jefar da guduma ya bi bayanta, rantsuwar ma ya ce Allah Ya yafe masa. Ya hau benen da garin katako a jikinsa, ya ratsa iyaye da balan-balan, ya janye tukunyar fulawar, ya zauna daɓas a ƙasa ya toshe ratar da bayansa. Manaja ya zo yana raɗa masa magiya, sannan barazana. Baba ya ce a kira duk wanda za a kira, a ɗauke shi da mota, in ba haka ba yana nan.

Awa biyu yana zaune, ƙafafu sun yi tsami. Autar ta kau da kai, ta yi kamar ba ta san shi ba. Can sai wata yarinya, ba ma tasu ba, ta biyo jan ƙwallo da gudu irin na masu koyon tafiya. Ƙwallon ya bi ta gefen ƙugun Baba ya faɗa titi. Yarinyar ta bi shi kai tsaye, ta yi karo da ƙirjin tsohon, tana ture shi tana neman hanya ta ƙarƙashin hammatarsa. Uwar ta taso da cokali a hannu, ta fizge 'yarta, ta watsa masa harara, ta karkaɗe wa yarinyar riga. Ko sannu. Wallahi ko sannu ba ta ce masa ba.

Autar ce kaɗai ta ga abin daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon tagwayenta da ke birgima cikin ƙwallaye, taku biyar daga wurin. Sannan ta taso ta tsaya a kansa, idonta ya ciko.

“Baba, tashi ka miƙe ƙafa.”

“Ba inda za ni.”

“Na sani. Tashi, ni zan zauna.”

Ta tattare sabuwar rigarta, ta zauna a ƙasa ta jingina da ratar.